Saƙon Mai Wankin Kwalabe

Yau aka yi walimar ajiye aikinki a Shika.
Masu manyan riguna sun yi jawabi,
sun ƙirga takardunki, ɗari da sha huɗu,
sun lissafa ƙasashen da suka taɓa kiranki.
Ni lasifika bai zagayo kaina ba, Farfesa Kande,
to ga nawa a takarda.

Shekara ashirin da bakwai ina wanke miki kwalabe.
Na zo ban san komai ba sai soso da sabulu.
Ran nan kika soki yatsana,
kika ja ni gaban madubin nan mai dogon wuya,
kika ce, "Barau, runtse ido ɗaya, leƙa."
Na leƙa ɗigon jinina
na tarar da gari guda,
jajaye cunkus kamar ranar kasuwar Giwa,
farare jefi-jefi a tsakani.
Na ce, "Su kuma waɗannan fa?"
Kika ce, "Masu gadin unguwa ne.
Ba sa barci, kuma ba sa mance fuskar ɓarawo."

Amma wasu suna mancewa,
kuma wannan ne ya cinye miki ƙuruciya.
Bazarar da sanƙarau ya sauka a Jushi,
yara biyu, tabarma ɗaya, nono ɗaya suka sha,
ɗaya ya tashi yana neman koko,
ɗaya aka aika a yanko masa likkafani.
Kin tsaya a zauren kin kasa gaisuwa.
A mota kika ce, "Me ya raba su?"
Ba da ni kike ba.

Mun bi lungu-lungu da akwatin ƙanƙara a bayan babur,
daga Ƙofar Gayan har tsallaken Galma.
Aka ce sayar da jinin kike yi.
Kin zauna a ƙasa gaban mai unguwa,
kin naɗe hannun riga,
kin ce a fara ɗiban naki, kowa na kallo.

Sai daren da janareta ya ƙi tashi,
ga wuta kwana uku ba labari.
Jinin mutum ɗari tara, wahalar shekara bakwai,
yana zufa a cikin firiji.
Ƙarfe biyun dare muka buga ƙofar Madam Nkechi
mai kifin ƙanƙara a Sabon Gari.
Ba kuɗi a jakarki.
Kin zare awarwaronki kin aza mata a tebur,
ta ture shi ta ce, "Ku kwashi ƙanƙara, ku bar surutu."
Ɗari shida muka ceta, suna ƙarnin kifi.
Sauran, ni na zubar da hannuna.
Da safe kika ce in sayo sabon littafin rajista
da jan biro guda biyu.

Yanzu ɗalibanki sun watsu kamar irin rama.
Iliya na Maiduguri, Rifkatu ta haye teku,
Shafa'atu ce za ta gaji kujerarki.
Ko a ina na gan su zan gane su:
sai sun rubuta suna a jikin kwalba kafin su zuba,
kuma in ba su sani ba, sukan ce ba su sani ba.
Autata ma farar riga take sawa,
ita da ta girma tana wasa da murafen da na yar.

A walima sun ce kin ci nasara a kan cuta.
Na ga kin sunkuyar da kai kina juya kofi,
don ni da ke mun san rabin amsa kika samo.
Rabin ma ya isa jikokina su yi kukan allura
su dawo gida su ci tuwo.

Ɗaya rabin yana firiji na uku, shiryayye na ƙasa,
da rubutunki na jan biro.
Makullin na wurina.
Na zuba wa janareta mai.