Littafin Bakin Ƙofa

Shekara goma sha tara ina gadin kwalejin nan.
Daga Aboabo nake tasowa bayan magariba,
da tocila, da buta, da biro mai tsagaggen kai.
Wanda ya shiga in rubuta, wanda ya fita in rubuta.
Ban yi boko mai nisa ba,
amma na san lamba, kuma agogo bai taɓa ruɗa ni ba.

Farar motar koci, sha ɗaya da kwata,
yaro ɗaya a kujerar gaba.
Dawowa, ɗaya saura.
Haka na rubuta da azumi, haka bayan salla,
haka ranar da ruwa ya cinye gadar unguwarmu.

Mumuni ne na fara riƙe sunansa,
ɗan mai kokon bayan masallacin Asawase,
lamba bakwai, ƙafar hagu kamar an ba ta rubutu ta sha.
Kullum sai ya ce, Baba, ina gajiya?
Wata rana ya daina.
Ya wuce ni yana kallon igiyar takalminsa.
Takalmin sabo ne. Koci ya saya.

Na kai littafin ofis.
Hedimasta ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba,
ya aika a kawo mini lemo mai sanyi.
Kofuna shida suna ƙyalli a bayansa cikin gilashi.
Ya ce, Baba Issaka, masu neman 'yan wasa
suna tafe daga Turai watan gobe.
Ya ce sunan makaranta ƙwai ne a tafin hannu.
Ya ce ɗanka ai kyauta yake karatu a nan, ko ba haka ba?
Na sha lemon.
Wannan ma ku rubuta: na shanye.

Damina uku motar tana fita,
ni ina ɗaga mata ƙarfe.

Sai uwar Kwabena ta ƙi shiru,
ta tsaya gidan rediyo tun asuba har aka buɗe mata.
Kwamiti ya zo daga Accra da jakunkuna.
Aka ce a kawo littafin ƙofa,
aka ce ai gara ta ci.
Gara mai ilimi!
Ta san Talata daga Laraba,
ta cinye shafin dare ta bar na rana.

Koci ya tafi da takardar yabo
wata makarantar mai fili, mai yara.
A allon sanarwa suka manna wasiƙa,
hatimi babba, babu suna:
an yi sakaci, an ɗauki darasi, an gyara.
Wane ne wannan An?
A wace unguwa yake kwana, in je in gan shi?
Shi ya sa hannu a takardar mai?
Shi ya sayi lemon?

Abin da ba su sani ba,
hannuna ya saba da ajami tun ina yaro.
Duk daren da na rubuta musu na boko
sai na kwafe a bayan littafin bashin matata,
tsakanin kuɗin gawayi da na sabulu.
Dare arba'in da ɗaya. Yara biyar.

Jiya na je Kejetia neman Mumuni.
Yana sayar da rigunan waya a kan faranti,
ya yi gemu, ƙafar hagun tana cikin silifa.
Na ce gobe zan kai wa lauyan uwar Kwabena,
amma sunanka na ciki, sai da yardarka.
Ya juya shafukan a hankali
ko da yake ba ya karanta ajami.
Ya miƙo mini, ya ce, kai musu.

Har na juya ya ce, Baba,
ka iya rubutu.
Amma ai mabuɗin a aljihunka yake.