Jar Fitila

Shekara talatin da ɗaya
ina jiran jar fitila ta kama,
a wani ɗaki a Gadarif
da aka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai,
in gyara murya in ce:
Jama'a, salamu alaikum,
ga Tijjani Ɗanjuma da labarin gida.

Minti ashirin aka yanka mana
tsakanin labaran Larabci da kiran lisha.
Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan, Makka ya nufa,
damina ta tare shi, ya shuka dawa, ya zauna.
Harshen da ya ɗauko a bakinsa tun daga yamma
shi nake aunawa da agogo,
kamar mai awon gero a shekarar yunwa.

Ban taɓa zama da shugaban ƙasa ba.
Nawa labarin, nawa aka sayi riɗi yau,
ina jan-baki ya sauka,
wace mota ta kafe a baƙar laka da 'yan girbi a kai.
An tsinci jaki mai tsagaggen kunne,
mai shi ya zo da shaidu.

Sau ɗaya na kashe mutum.
Takarda ta zo da suna a juye,
na karanta rasuwar Malam Bashari, alhali wansa ne.
Da hantsi sai ga shi da sanda a ƙofar tasha:
"Ga gawa ta zo, yaro.
Tun asuba ake kuka a gidana,
masu ta'aziyya sun shanye min sukarin wata biyu.
Wa zai biya?"
Da daddare na tashe shi a gaban kowa.
Tun ranar, ba na karanta mutuwa
sai na ji ta daga baki biyu.

Shugabanmu, Ustaz Mirgani, yana da jan alƙalami.
Famfon unguwar kudu ya bushe kwana arba'in,
na rubuta, ya ja layi.
Na sake, ya sake.
Sai na kai maganar filin gaishe-gaishe:
"Matan unguwar kudu suna gai da hukumar ruwa,
sun ce an kwana biyu, Allah Ya sa lafiya."
Ustaz ba ya jin Hausa.
Direbansa yana ji.
Aka dakatar da ni wata guda ba albashi.
Ruwa ya zo rana ta tara,
aka aiko min da tulu ɗaya har gida, ba suna.

Sai shekarun da gari ya cika da baƙi,
makarantu suka zama wurin kwana.
Farashin riɗi ya koma bayan takarda,
sunaye suka hau gaba:
Sittana tana neman ɗanta, yana da tabo a haɓa.
Wanda ya ga Harisu mai gyaran keke
ya ce masa uwarsa ta iso.
Minti ashirin ba ya ɗaukar suna ɗari.
Na daina sallama mai tsawo,
na daina faɗin sunana,
don mutum uku su samu wuri.

Yau na miƙa kujerar.
Batula ce, 'yar maƙwabcina,
daga wayarta take karantawa, ba takarda.
Hausarta da ɗanɗanon Larabci, kamar shayin nan namu,
kuma ta fi ni sauri.
Abu ɗaya na ce mata:
ki tambayi mutuwa sau biyu,
ki faɗi sunan ƙauye yadda masu shi ke faɗa.

Na fito, na zauna wajen mai jabana a bakin titi.
Rediyonta na rataye a reshen dalbejiya.
Lokaci ya yi.
Na ji maƙogwarona ya gyara kansa,
ba da izinina ba.

Mai jabana ta ce, "Baba, yi shiru mana,
labarin gida za a fara."