Ranar Ruwa a Paysandú

Tun asuba sama ke zuba,
kogin Uruguay ya koma kalar shayi da madara.
A garinmu in ruwa ya sauko
ba sai an yi shela ba, kowane gida suya yake.
Ƙamshin kitse na bin ƙasan ƙofofi
har bakin titi, har tashar bas.

Shekara arba'in Nélida ke soya mana torta frita,
yayata, mai hannun da bai san awo ba.
Bana sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu
kamar saiwar rogo.
Ta zauna, bargo a gwiwa,
ta ce, "Aníbal, ɗauko kwano. Yau kai ne."

Ni da na gina rabin katangun unguwar nan,
na san yashin da siminti ke so ko ido a rufe,
ga ni tsaye gaban fulawa
kamar yaro ran farko a aji.

"Nawa zan zuba?"
"Daidai."
"Daidai ɗin nawa ne?"
"Har ta ce maka ya isa."

Gishiri, ruwan ɗumi, kitsen saniya cokali biyu.
Na hau murza kamar mai kwaɓa kankare.
"Ba bashinka ta ci ba," in ji ta,
"lallaɓa ta."
Na shimfiɗa da kwalba, faifai-faifai,
na huda wa kowace cibiya da yatsa.

Ta farko na jefa tun kitse bai farka ba.
Ta nutse, ta kwanta, ta sha ta ƙoshi,
ta fito fari fat, da nauyi
kamar safar da aka manta a igiya.

Na ƙure wuta don haushi.
Ta biyu: waje gawayi, ciki ɗanye.
Hayaƙi ya tuƙe kicin,
kyanwa ta zaɓi ruwan sama a kanmu.

Ta uku na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu.
Ɗigo ɗaya tak!
Kasko ya yi tsaki, ya tofa mini wuta a wuyan hannu.
Na yi rawar da ban yi ba ko a bikin ɗiyata.
Nélida ta yi dariya har da tari,
sannan ta ja hannun riga:
tabo, tabo, tabo, kamar zanen zabo.
"Wannan na shekarar ambaliya ne.
Wannan na ranar da Mama ta rasu,
ku kuna falo kuna kuka, ni ina nan."

Ban taɓa gani ba.
Shekara arba'in ina ci.

"Daina kallon kaskon," ta ce, "saurare shi.
Gutsuri kaɗan ka saka.
In ya yi shiru, jira.
In ya yi ihu, rage.
In yana raɗa irin ta yayyafi kan kwano,
to lokaci ya yi.
Kuma kar ka jefa. Kwantar da ita
kamar jaririyar da barci ya ɗauke."

Ta huɗu ta nutse, ta taso,
ta kumbura, kumfa na wasa a cibiyarta.
Na juya. Ruwan zinare.
Na yi shiru kar ta ji ta fasa.

Muka barbaɗa sukari, muka cika ƙoƙon mate.
Yamandú, ɗan maƙwabta, ya leƙo a jiƙe,
wai aron ashana. Ya fita da biyu.
Nélida ta riƙe tata da tafuka, ta gatsa,
ta daɗe tana tauna.
"Gishiri bai ji ba."
Uku ta ci.

Magini ba ya son hadari,
ruwa ɗaya, aikin yini ya rushe.
Amma rediyo ya ce akwai wani ran Alhamis.
Na shafa man goge baki a ƙunar,
na duba buhu,
fulawa za ta kai.