Hajar da Ba Ta Taɓuwa

Shekara talatin da huɗu ina Kantin Kwari.
Yatsuna kan riga idona gane shadda.
Miƙo min yadi cikin duhu,
in faɗa maka ta asali ce ko jabu.

Sai ga Mardiyya, 'yar marigayi Tasi'u tela,
ta hawo bene tana haki, jaka a kafaɗa,
ta ce, "Baba, jari nake nema."
Na ce, "Ina hajar?"
Ta juyo min da fuskar waya.

Kasuwa ce, in ji ta, wadda ba rumfa,
ba kwata, ba turereniya,
ba gobarar tsakar dare.
Mace a Gwammaja ta ga leshi a gidan suna,
ta ɗauki hoto,
manhaja ta gane zaren, ta nemo mai shi,
ta taya, ta ja ciniki da Hausar Kano.
Ƙirƙirarriyar basira, haka suke ce mata.

Na ce a gwada.
Na sa atamfa dubu sha takwas.
Abin ya ce, "Alhaji, a duba dai, sha biyar."
Na ce albarka.
Ya ce, "A layinku jiya an sallama a sha shida."
Yaran shago suka tuntsire da dariya.
Ni ban yi ba.
Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni na gaya masa ba.

Miliyan arba'in take so,
in ɗauki kashi sha biyu cikin ɗari
na abin da yau bai kai kuɗin janareto ba.
Riba fa? Ba bana ba, ba baɗi ba.
"Cikin goma irinmu, Baba, tara mutuwa suke yi."
Tunda nake ban taɓa jin mai talla
ya fara daga maƙabarta ba.

Daren nan barci ya ƙi.
Na tuna kakana, da ya ba fatake jari zuwa Gwanja.
Ayari ɗaya kogi ya ci,
ɗaya mahara suka tare,
ɗaya madugun ya yi aure a can, ya manta hanyar gida.
Na huɗun ne ya dawo da goro,
goron da ya gina soron nan na Koki da nake kwance ciki.
Kakana bai taɓa taka Gwanja ba.
Idon madugu kawai ya kalla.

Amma akwai Sagiru dillali,
da la'ada ya aurar da ƙanne uku.
In waya ta iya "nawa za a bari",
shi me zai kai gida da magariba?
Kuma wa zai koya wa na'ura
cewa matar da ta fito daga takaba
ba a ja da ita a kan ɗari biyar?
Wa zai gaya mata akwai bashin da ba a rubutawa,
akwai wanda ake rubutawa don a manta?

Da hantsi na kira ta.
Na ce, "Ashirin yanzu, saura in na ga damina.
Sagiru ya riƙe muku kai kaya.
Abin nan kuma, a koya masa gyara,
ya san inda ake sakin hannu."
Ta rubuta a littafi, ta ciji biro,
ta ce, "Sai na tambayi Nazifi ko lissafin zai ɗauka."
Ba ta yi min alkawari ba.
Wannan ne ya sa na danna.

Wayata ta yi ƙara, kuɗi sun fita,
ba ɗan dako, ba dila, ba ƙamshin sabon yadi.
Ta sauka bene da gudu, ko sallama ba ta ƙarasa ba.
Na juyo na tarar da hannuna
a kan bandir ɗin shadda,
yana murza bakinsa, shi kaɗai.