Gorar da Na Kafa a Bakin Kwata

Na zo Ikko da tsoro ɗaya tak:
ruwan sama.
Shi na sani tun Gumel, in hadari ya haɗo gabas
a kwashe shanya, a kora awaki rumfa.
A Ajegunle ta hanyar Ikorodu
na tarar ruwa ƙofa uku gare shi.
Yana saukowa daga sama,
yana biyo kogin Ogun in an buɗe madatsa can nesa,
teku kuma ta turo nata ta ƙarƙashin gada
daren da wata ya cika.
In biyu suka haɗu a layinmu, mun sha wuya.
In uku ne, tabarma ma sai ta koyi iyo.

Shi ya sa na kafa gora a bakin kwata,
fari har gwiwa, ja daga ƙugu.
Kowace asuba, kafin in buɗe rumfar faci,
nakan duba ta, in rubuta a bayan littafin bashi.

Iya Sikira mai kifi ta fi ni sanin teku:
in kaguwa ta hau katanga, a ɗaga buhunan gari.
Ngozi mai allura tana riƙe da sunayen
waɗanda ba sa iya gudu,
tsoho Barau mai ƙafa ɗaya
da mai tsohon ciki a gida na bakwai.
Ita ta ce mana in ruwa ya janye
wani baƙon ta randa yake shigowa,
amai da gudawa. A tafasa, ta ce, a tafasa.

Bara mun yi wauta.
Mun ɗaga daɓe, muna ta murna, mun manta sama.
Iska ta zo ta yaye kwanon gida goma sha ɗaya
kamar mai ɓare ayaba.
Muka danne sabon rufi, muka toshe tagogi,
bana zafin Maris ya dafa mu a ciki
har jinjirin Talatu ya sume.
Maganin wannan ya zama ƙofar wancan.

Yanzu in za mu gyara ɗaya
sai mun tambayi sauran.
Ɗari biyu duk Juma'a a gwangwanin madara,
kwalekwale ɗaure a bayan coci,
hanyar tudu zane da gawayi a bangon masallaci.
Tawakkali muna da shi,
amma mun yashe kwata tukuna.

Abu ɗaya ke hana ni barci:
kowace shekara ruwa na riga bara isa ja.
Shi ne ke ƙara tsawo
ko ƙasar ce ke durƙusawa?
Littafin bashi bai faɗa ba.

Yau wata ya kwana goma sha huɗu.
Saƙon masu hasashe ya shigo waya tun la'asar.
Saura yatsa biyu ruwa ya taɓa ja.
Usur na wuyana, ban busa ba tukun.
Na dai aiki Ilu
ya fara goyo Barau.