Mai Share Idon Akwati

Shekara talatin da ɗaya ina sauka gangaren gadar Garwa,
asuba da la'asar,
littafi a hammata, biro a bayan kunne.
In duƙa gaban sandar awo mai zanen ja da fari
in ce wa Binuwai: yau ina kika kwana?
Ta nuna mini da jiƙaƙƙen yatsa.
Mita huɗu da ashirin. In rubuta, in hau.
Littafi sha tara na cika. Gara ta ci biyu.

Bara Hamajoda ya zo da tsani da yara biyu,
suka ɗaure wani akwati a haƙarƙarin gada.
Bai fi kwanon awo ba.
Faifan sola a kansa kamar malafa,
ido ɗaya a ƙasa, ba ya ƙiftawa.
Ya ce murya yake jefawa wadda kunne ba ya ji,
ta bugi ruwa ta dawo, ya ƙirga nisa,
irin dabarar jemage cikin duhu.
Duk minti goma ya gaya wa waya.
Ba ya zazzaɓi, in ji shi, ba ya zuwa jana'iza.
Wannan ta ƙarshen da ni ake. Na gane.

Wani dare cikin Agusta
na dubi sama, na shinshini iska,
na ce wa maƙwabta su kwanta, ruwan nan barazana ce.
Ƙarfe biyu wayoyin unguwa suka ɗau kuka.
Abin da Mayo Kebi ta ɗauko daga Cadi ya iso,
akwatin ya gani, ni ina minshari.
Muka kwashe masara, muka kora awaki,
muka turo tsohuwa Dudu a baro tana zaginmu.
Da gari ya waye
ruwa na zaune inda take shimfiɗa tabarma.
Kwana uku ban je majalisar shayi ba.

Sai ga rani, rana ƙwal,
akwati ya rantse kogi ya taɓa cikin gada,
alhali yara na tsallakawa da wando a ka.
Hamajoda yana Yawunde. Ni na hau tsanin.
Ashe zanzaro ne ya gina ɗakin laka a kan idon,
bawan Allah yana ta auna gidan baƙo
yana aikawa da gaskiyarsa.
Na yi dariya har tsani ya girgiza.

Yanzu aikina ke nan, duk Alhamis:
gashin zabuwa da tsumma.
Rabin albashi. Gwiwa na ƙara.

'Yata Kuluwa, da ke jinyar mutane a Gaundare,
ta manna mini wani farin maɓalli a damtse,
faɗin dala, da ɗan gashi a ƙarƙashin fata
yana ɗanɗana jinina dare da rana.
Ashe ni ma kogi ne, ina cika ina janyewa
ban taɓa sani ba.
In na saci ƙosai da shayi mai sukari wurin Bappa,
kafin in goge baki ya kai tsegumi.
Amma ran da jini ya sauka ƙasan sanda,
tsakar dare, gumi ya rufe ni, harshe ya yi nauyi,
muryarta ce ta tsallako duwatsu:
Baba, tashi. Dabino uku. Ina jin ka, tauna.
Na tauna.

Har yau ina sauka gangaren da asuba.
Ba wanda ya aike ni.
Littafi na ashirin, da kuɗina na saya.
Yawanci ni da akwatin mukan dace,
bambancin bai fi kaurin yatsa ba.
Ran da muka saɓa, ban san mai kuskure ba,
sai in rubuta duka biyun,
nawa a dama, nasa a hagu,
in ɗaga kai in duba ko zanzaro ya dawo.