Ruwan Toka Tukuna

Shekara uku tana kwance a fuskar wayata,
ja wur, ƙofa biyu,
ciki a ƙasa kamar kyanwa ta hango ɓera.
Ban taɓa jin kukanta ba sai a bidiyo,
da dare, in an ɗauke wuta a Hanwa,
ni da sauro muna saurare.

Ranar da na kwashi adashe
ko karyawa ban tsaya yi ba.
Na ɗauko Baba Sallau daga garejinsa na Agoro,
baƙin mai har gwiwar hannu,
muka nufi bakin Kwangila
inda motoci ke jere suna shan rana.

Na nuna masa hoton.
Ya riƙe wayar nesa da ido, ya daɗe.
"Wannan," ya ce, "a wace kwaltar?
Za ta shiga rami da salansa, ta fito babu.
Ina za ka sa gwaggonka
da buhun masararta na Giwa?
Kai da har yau in ka sa ribas
kajin unguwa ke barin wasiyya."

Dillali ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Can ƙarshen layi sai ga ta, ruwan toka,
sa'ar ƙanwata Asabe,
bamba ɗaure da waya,
kujerar direba ta lotsa da zaman wani.
Malamin makaranta ne, in ji dillali,
Samaru zuwa Kongo kawai, ba ya wuce sittin.
Kowane dillali yana da wannan malamin.

Baba Sallau bai kalli fenti ba.
Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar mai,
ya murza a yatsa, ya shinshina.
Ya ce in tayar, ya kara kunne
kamar likita a ƙirjin tsoho.
Ya durƙusa ya leƙa ko tana yoyo.
"Fulogi ɗaya ke ƙarya, sauran gaskiya suke faɗi.
Kayanta kuwa, ko tuntuɓe ka yi a Sabon Gari
a kansu za ka faɗi."

Na biya. Canjin ya tafi a taya biyu da lasin.

Watan farko sau huɗu ta mutu mini
a shataletalen PZ,
'yan acaɓa na bi na da oda
da addu'ar da ba a ce mata amin.
Na goge mata haƙarƙari da katangar maƙwabci,
na ba shi haƙuri, na ba ta haƙuri,
dubu shida wurin mai fenti.
Da jar ce, ni za a kwasa zuwa Shika.

Yanzu ƙafata ta san inda kuloci ke kamawa
ba sai ta tambaye ni ba.
Na san nishinta in kaya sun yi yawa,
na san ranar da take jin ƙishirwa.
Na kai Asabe jarrabawa, na kai gwaggo awon ido,
na ɗauko ragon suna a but yana leƙen duniya.
Daren da ruwa ya shanye hanyar Tudun Jukun
ta ratsa tana tari,
amma ta ratsa.

Hoton yana nan, ban goge ba.
Akwai asusu a ƙarƙashin gado da sunanta.
Wata asuba, in da rabo,
zan hau hanyar Kano babu kowa,
in taka, in ji abin da iska ke faɗa wa masu sauri.

Jiya dai irinta ta tsaya gefena,
ja wur, yaro ne a ciki.
Ya ba ta wuta, ya bar ni da ƙara a kunne.
Gaba kaɗan na iske shi
a tudun rage gudu na Palladan,
yana hawa a karkace,
sannu-sannu, kamar mai tallan ƙwai.

Na danna masa oda sau ɗaya, ta gaisuwa,
na wuce.